Malama Clara Mai Tsince Rubutu

A shekarar 1974 Malam Bara'u Jumare ya fara ganin Clara Sadowska, wata ranar Talata cikin watan Maris, a barandar wani asibitin tsofaffi da ke bayan unguwar Ardwick a Manchester. Ya riƙe ranar ne domin a ranar aka gyara agogon ɗakin jinya na bakwai, wanda ya yi wata huɗu tsaye a kan ƙarfe uku saura kwata. Shi nas ne a lokacin, shekararsa biyar a Manchester. Daga asibitin mishan na ƙasar Zazzau ya zo, inda ya yi makaranta kuma ya koyi aiki. Ita kuwa ɗaliba ce 'yar shekara ashirin da uku, doguwa, siririya, cikin wata kwat ruwan toka da ta yi mata yawa. An kirawo ta ne ta yi tafinta tsakanin likita da wata tsohuwa 'yar Poland, wadda Turanci ya gudu daga bakinta bayan shanyewar jiki, ya bar ta da harshen da aka haife ta a cikinsa.

'Yan Poland suna da yawa a garin a wancan zamani. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tarwatsa su, kuma da aka gama yaƙin ba su sami hanyar komawa ba. Ita kanta Clara a sansanin 'yan gudun hijira aka haife ta, cikin wani ɗakin kwano mai kama da rabin ganga da aka kifa a ƙasa.

Bara'u ya tsaya yana jin yadda take magana da tsohuwar. Kalma ɗaya bai gane ba, amma ya san sautin. Shekara uku ke nan wannan sauti yana kwance a ƙarƙashin gadonsa.

Ga yadda abin ya faru. A 1971 akwai wani tsohon soja a gado na sha biyu, Kazik, wanda Bara'u ke kira Baba Kazik. Ba shi da mai ziyara. Kullum bayan shayin safe sai ya jingina da filo ya ɗora littafin rubutu irin na 'yan makaranta a gwiwa, ya yi ta rubutu da fensir, wani lokaci yana murmushi, wani lokaci yana kallon taga har fensirin ya faɗi. Da ya rasu, aka jira kwanakin da doka ta ce, ba wanda ya zo. Sista Rebecca, shugabar ɗakin, ta ce a haɗa kayansa a kai wurin ƙonawa kamar yadda aka saba. Bara'u ya ɗauki buhun ya sauka. Silifa ya jefa a wuta, da riga, da tabarau mai ido ɗaya. Da hannunsa ya kai kan littattafan, guda goma sha ɗaya, sai hannun ya ƙi.

Kakarsa ce ta tsaya masa a gaba, ita da ta rasu tun yana aji uku. Tsohuwar ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma ko a tsakiyar kasuwa ta ga takarda mai rubutu a ƙasa sai ta tsuguna ta ɗauka, ta kaɗe, ta soke ta a tsagar katanga, wai ba a san inda sunan Allah ya ɓuya ba. Katangar gidansu duk ta cika da rasit na haraji da takardun sabulu. Bara'u ya waiga hagu da dama, ya tura littattafan cikin rigar aikinsa, ya hau bene yana tafiya kamar mai ciwon baya.

Shi ya sa ranar Talatar nan, da Clara ta fito za ta tafi, ya tare ta a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malama, ki gafarce ni. Kina karanta wannan harshe ko kuwa magana kawai kike yi?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Ina karantawa. Me ya faru?"

"Ina da kayan sata."

"To, ni ba 'yar sanda ba ce."

"Shi ya sa na zo wurinki."

Ranar Asabar suka haɗu a wani shagon shayi a kan Wilmslow Road. Ya kawo littattafan a naɗe cikin takardar siminti, kowane da bango, kamar yadda hedimastansu na mishan ya koya musu. Ta buɗe na farko a tsaye, ba ta ko cire safar hannu ba. Can sai ta zauna. Shayinta ya huce, aka kawo wani, shi ma ya huce. Motocin bas suna wucewa suna girgiza gilashin taga, ita ba ta ɗago ba.

Da ya gaji da jira ya ce, "Me yake cewa?"

Ta fassara masa a hankali. Baba Kazik yana ba da labarin safiyar da sojoji suka zo ƙauyensu a 1940 suka ce kowa ya fito cikin rabin sa'a. Ya ɗaure farar goɗiyarsa a bakin shinge, ya ce mata yanzu zai dawo. Daga nan sai jirgin ƙasa, sai Siberiya, sai Iran, sai Italiya, sai masaƙar auduga a Lancashire. Shekara talatin da ɗaya, in ji shi, duk lokacin da ya rufe ido goɗiyar tana nan a bakin shingen, ƙanƙara tana sauka a bayanta, ba ta tsufa ba, ba ta kuma daina kallon hanya ba.

Clara ta rufe littafin ta ɗora tafin hannunta a kai. A lokacin tana shirin rubuta digirinta a kan manyan marubutan ƙasarsu, waɗanda ake buga hotunansu a bango. Ta ce, "Ka ɓata mini shiri, Mista Bara'u."

"Ki yi haƙuri."

"Sunanka zai shiga shafin farko."

Ya ɗaga hannu biyu. "Ina! Sista Rebecca tana karanta komai, har takardar naɗe kifi. Kina so a kore ni?"

Haka aka yi. Da littafinta na farko ya fito a 1981, shafin godiya ya ce kawai, "Ga wani ma'aikacin asibiti da ya ƙi bin umarni." Ta kawo masa kwafi da kanta, ta ce wannan bai biya ba. Ya ce shi bai ba da rance ba.

Daga littattafan nan goma sha ɗaya aikinta na duk rayuwa ya tsiro. Ta lura cewa Baba Kazik ba shi kaɗai ba ne. Masu wanke kwanoni a otal, masu saƙa, masu gadin masana'anta, da yawansu suna komawa ɗaki su rubuta ƙauyukan da suka bari, kuma idan sun mutu 'ya'yansu ba sa iya karantawa, ko ma ba 'ya'yan. Sai ta fito da wata hanya da malaman jami'a suka yi ta yi wa dariya. Ba ta zauna jiran a kawo mata ba. Ta bi masu kwasar kayan gidajen da aka tashi, mutanen nan masu farar motar ɗaukar kaya da ake kira idan tsoho ya mutu ko an kai shi gidan kula da tsofaffi. Ta san su ɗaya bayan ɗaya, daga Manchester har Birmingham, ta san sunayen matansu da ƙungiyar ƙwallon da kowa ke goyon baya. Ta buga musu ɗan kati mai lambar wayarta, da jimla guda a ƙasa: "In ka ga rubutun hannu da ba ka iya karantawa, kira ni kafin ka zubar." Duk ƙarshen shekara takan zagaya da kek ɗin da ta gasa da kanta. Kek ɗin ba shi da daɗi, kowa ya sani, amma ba wanda ya taɓa yar da katin.

A tsakanin nan Bara'u ya je gida ya yi aure, ya dawo da Habibatu a 1975. Suka kama filat a hawa na biyu na wani tsohon gida a unguwar Whalley Range, inda suka haifi Nazir da Rumaisa. Clara ta zama 'yar gida. Ta koyi cin tuwo da hannu, ko da yake har ƙarshe miya tana gangara mata zuwa gwiwar hannu. Habibatu ce ta sa mata suna Mai Tsince-tsince.

Takan ce, "Malama, digiri uku, amma kullum kina bola. Iyayenki sun san haka?"

Clara ta ce, "Hajiya, ke da kike ɓoye a kicin kina rubutu duk Juma'a, kin zaci ban gani ba? Wata rana zan zo kanki."

"Sai dai ki zo kan Malam. Ni nawa wasiƙa ce, ba ta 'yan jami'a ba."

Gaskiya ta faɗa. Tun makon da ta sauka a garin, duk Juma'a bayan Malam ya tafi masallaci, Habibatu kan zauna ta rubuta wa mahaifiyarta wasiƙa da Hausa. Da farko tana aikawa, wani ɗan maƙwabta yana karanta wa tsohuwar. Inna ta rasu a 1979, amma Habibatu ba ta daina ba, sai dai ta daina sayen kan sarki. Da yake mace ce da ba ta son ɓarna, da yaran suka shiga makaranta sai ta riƙa tattara littattafan rubutunsu da suka rage da sauran shafi, tana cike su. Bara'u bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Maganar 'ya da uwarta ce, shi suruki ne, ina ruwansa da leƙe.

A 1986 Clara ta sami aikin koyarwa a Birmingham ta koma can. Ta zama farfesa, ta rubuta littattafai shida. A wani ɗaki a bayan zauren taron 'yan Poland ta kafa ma'ajiyar rubuce-rubucen da ta tsinto, akwati a kan akwati, kowane da lamba. Mutanen unguwarta suka ga mace ce da ba ta gajiya da buga ƙofa, suka tsayar da ita kansila, ta yi shekara goma sha biyu. A nan ma tsohuwar barandar asibiti ba ta bar ta ba. Abin da ta fi dagewa a kai shi ne kada a bar mara lafiya ba tafinta, ko Polanci yake ji, ko Urdu, ko Somali. Da sababbin 'yan Poland suka kwararo bayan 2004, samari masu aikin gini da 'yan mata masu aikin sito, ita ce ke zama da su ranar Laraba tana cike musu takardun haya da na makaranta. An ce a taron majalisa ba ta ɗaga murya. Takarda take fitarwa daga jaka ta karanta abin da wani ya rubuta, sannan ta zauna, zauren ya yi tsit.

Zumunci ya koma na kati da waya, sai ziyara sau ɗaya ko biyu a shekara. Rabon Bara'u da ita tun 2021, ranar da ta zo ta'aziyyar Habibatu. Ta zauna cikin mata da ɗankwali a karkace, da za ta tafi ta zo wurinsa.

Ta ce, "Ka karanta wasiƙun nata?"

"Ban iya ba tukuna."

"Suna jiranka. Takarda ta iya jira."

Littattafan suna cikin kwali biyu a ƙarƙashin gado, daidai inda na Baba Kazik suka taɓa kwana a wani ɗakin. Sau da yawa yakan jawo kwalin, ya shafa bangon na sama, ya mayar. Yana ganin muddin bai buɗe ba, akwai sauran maganar Habibatu da bai ji ba, kamar tana ɗaki na gaba ba ta fito ba. Ya sa wa ransa azumi mai zuwa. Azumi ya zo ya wuce, ya sa wani.

A watan Oktoba na 2023 ya zame a matakala ya karya ƙugu. Yana asibiti yaran suka yanke shawara, ba sauran hawa bene, zai koma wurin Rumaisa, wadda likita ce a Birmingham. Nazir ya ɗauki hutun kwana biyu ya kwashe filat ɗin. Ya ware Alƙur'anai, da hotuna, da akwatin zannuwan mahaifiyarsa, da takardun fansho. Sauran ya kira masu farar mota.

Sai da Bara'u ya kwana uku a sabon ɗakinsa sannan ya tambaya.

"Nazir, kwalayen ƙarƙashin gado fa?"

Nazir yana kan waya daga Manchester. "Waɗanne, Baba? Oh, old school books ɗinmu? Na duba, duk sunana ne da na Rumaisa a kai. Lissafi, aji uku. Ba wanda zai nemi wannan."

"Ka buɗe ciki?"

"Na buɗe ɗaya, na ga long division. Baba? Baba, kana ji na?"

Yana ji. Ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, ya ajiye wayar. Da Rumaisa ta gane abin da ya faru ta kira kamfanin, aka ce kayan wannan mako sun riga sun tafi bola. Nazir ya zo da kansa ya durƙusa a gaban kujera yana kuka kamar ba mai shekara arba'in da shida ba. Uban ya dafa kansa. Laifin wa? Yaron sunansa ya gani a bango. Shi da ya san abin da ke ciki, shekara biyu yana shafa bango.

Tun daga nan ya rage magana. Yakan zauna a bakin taga bayan azahar yana kallon ɗan lambun bayan gida, inda ruwan sama ke sauka a kan shingen katako. Wani lokaci, tsakanin barci da ido biyu, sai ya ga farar goɗiya a ɗaure a wurin, tana kallon hanya. Wani lokaci Habibatu ce zaune a gefenta a kan kujerar kicin, littafi a cinya, bakinta yana motsi, gilashin taga ya hana shi ji. Bai gaya wa Clara ba. Da wane baki zai gaya wa matar da ta yi shekara hamsin tana tsamo rubutun baƙi daga bola cewa na gidansa ya tafi can?

Mako bakwai bayan haka, Rumaisa ta dawo daga aiki da ɗan kati a hannu.

"Baba, wata tsohuwa ta zo asibitinmu yau, ta ƙi tafiya sai ta gan ni. Ba ta da appointment, ta zauna awa biyu ta hana receptionist sakat. Da na fito sai na ga Anti Clara ce. Ta ce wayarka ta Manchester a yanke take, gidan kuma wasu ne a ciki. Ta ce in kawo ka ranar Juma'a da safe."

"Lafiya?"

"Ta ce wai tana son wanda zai duba mata wani abu."

Ranar Juma'a Rumaisa ta tura shi a keken guragu har ɗakin da ke bayan zauren. Bai taɓa shiga ba. Akwatunan kwali masu ruwan toka sun hau bango har rufi. Ɗakin yana ƙanshin tsohuwar takarda da ɗumin hita. Daga wannan kusurwa zuwa waccan an ja igiya uku, kamar ta shanya, da 'yan maƙalai a jiki, a kan tebur kuma ga tulin takardar tsotse ruwa da bulo biyu a naɗe cikin tawul.

Clara ta fito daga bayan kanta da sanda. Ta rame, gashin ya yi fari fat, amma kwat ɗin da ke jikinta har yanzu ta yi mata yawa.

Ta ce, "Malam, ka tsufa."

"Ke kuma an ce yarinya kike komawa."

"Je ka wanke hannu. Ga famfo can. Doka ce, ko farfesa ne."

Ya wanke. Rumaisa ta tura shi gaban tebur. Clara ta sauko da akwati ɗaya daga kanta ta ƙasa, wadda mai zama a keke zai iya kaiwa, ta ajiye a gabansa. A gefen gurbin da ta zaro shi akwai akwati mai lamba ɗaya, da sunan Kazik. Wannan kuwa sabo ne, an rubuta a jikinsa da hannunta mai tsaye kamar sojoji: Habibatu Jumare, Whalley Range, wasiƙun Juma'a.

Bara'u bai taɓa akwatin ba. Ya dube ta.

Ta ce, tana gyara bulo a kan tebur kamar shi ne abin da ya dame ta, "Ɗan Declan, wani tsohon mai farar mota, ne ya kira ni. Ubansa ya bar masa motar da katina a maƙale a madubi. Ya ce kwali ya fashe a wurin juye kaya, ya ga ciki ba Turanci ba ne, ya zaci 'yan ƙasarmu ne. Sun kwana biyu a ruwa. Ban so ka gan su yadda suka zo ba." Ta nuna igiyoyin da haɓa. "Talatin da huɗu ne. Uku sun manne, na kasa raba su, kada in yi maka ƙarya. Sauran suna karantuwa, ina tsammani. Ni dai ban san me ta ce ba."

Rumaisa ta rufe baki da hannu. Bara'u ya buɗe baki zai yi magana, Clara ta ɗaga sanda.

"Fensir kawai a ɗakin nan, ba biro. Ba a lasar yatsa a juya shafi. In kana son ka tafi da su gida, naka ne. Ina da taron masu haya ƙarfe sha ɗaya, kuma na makara." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce wa Rumaisa, "Akwai kek a cikin gwangwani."

"Anti, na ƙoshi."

"Kowa haka yake cewa."

Ƙofa ta rufu. Aka bar su da ƙarar hita da ruwan da ke sauka a kan rufi.

Ya ɗaga murfin. Na sama yana da shuɗin bango da ya kumbura ya bushe, an rubuta Nazir Jumare, Lissafi. Ya wuce shafi shida na rabawa da jan biron malami. A shafi na bakwai rubutun ya canza, ya zama ƙanana, masu jingina da juna. Tawadar ta ɗan bazu a gefe, amma ana gani.

Rumaisa ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Baba, ka karanta da ƙarfi. A hankali, yadda zan gane."

Ya gyara tabarau, ya yi bisimilla.

"Inna, yau Juma'a. Rana ta fito da safe ta leƙa mu, ta ga ba abin da ya canza, ta koma. Malam ya tafi masallaci da laimata, ya bar tasa mai kyau a gida, wai kada ta jiƙe."